Tsakanin Hazo da Hadari: Yadda Ya Kamata Mu Saurari Hasashen Bazara

Daga watan Maris zuwa Mayu, iska biyu ke kokawa a sararin samaniyar ƙasar Hausa. Ɗaya busasshiya ce, tana gangarowa daga Sahara ta arewa maso gabas. Ɗayar mai danshi ce, tana hawowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma. Inda suke haɗuwa yana matsowa arewa sannu a hankali, sai dai ba a miƙe yake tafiya ba: ya matso yau, gobe ya ja da baya. Shi ya sa a bazara za ka kwana da zufa, ka wayi gari da hazo, jibi kuma hadari ya haɗu a gabas.

Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, sannan tana bin sa da gajerun sanarwa na 'yan kwanaki. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin Sahel, tana yi wa ƙasashen yankin irin wannan aiki. Sanarwa dai ana yin ta. Matsalarmu tana wajen yadda muke jin ta.

Hazon da ke dawowa a Maris, bayan an ɗauka hunturu ya wuce, ƙura ce, kuma kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, inda iska ke kwasar busasshen laka na tsohon tafki. Idan ya yi kauri har jiragen sama sukan makara ko a ɗage tashinsu a Kano da Maiduguri. Masu asma da tsofaffi su rufe hanci, su rage yawo. Kuma zafi da ƙura lokacin sanƙarau ne, don haka zazzaɓi mai tafe da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba na jiƙo ba ne, na asibiti ne. Akwai kuma hazon danshi, wanda kan sauka da asuba a wurare masu tudu irin su Jos da Mambila, musamman bayan an yi ruwa. Wannan rana na ɗagawa yake washewa. Direban da ya shiga cikinsa ya rage gudu, ya bar doguwar fitila, domin haskenta dawo masa yake yi a ido.

Hadarin bazara shi ne abin tsayawa a kai. Idan aka ce akwai yiwuwar ruwa da tsawa a jihohi kaza da yamma, ba a yi wa kowace unguwa alkawarin ruwa ba. Hadarin wannan lokaci yanki-yanki yake zubarwa. A jiƙa wannan ƙauye sharkaf, na kusa da shi ko ɗigo. Wanda bai samu ba sai ya ce masu hasashe sun yi ƙarya, daga nan ya daina saurare, ran da kuwa gargaɗin zai yi masa amfani ya riga ya toshe kunne. Sanin gaibu sai Allah, wannan ba a ja. Amma auna iska da zafi da danshi a faɗi abin da ya fi yiwuwa, ci gaba ne na abin da kakanninmu ke yi idan sun ɗaga kai sun dubi gabas.

Gabas ɗin ma ba camfi ba ne. Manyan haduran yankinmu daga gabas suke tafiya zuwa yamma, jere a layi guda, kuma iska mai ƙarfi ce ke shige musu gaba. A Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, ƙasa a bushe take, sai iskar ta zo da jar ƙura, wani lokaci ma ta wuce ba ruwa. Ita ce ke yaye kwanon rufi, ta karya turakun lantarki da allunan talla. Maigida ya duba rufinsa tun yanzu, ya ƙara ƙusa, ya sare reshen da ya rankwafo kan ɗaki. Masu kwalekwale a Neja da Binuwai kada su tsallaka da yamma idan gabas ta yi baƙi, komai matsin fasinja.

Sai aradu. Har yanzu akwai masu ganin ba ta faɗa wa kowa sai ɓarawo ko mai rantsuwar ƙarya. Ba ruwanta da halin mutum. Abin da ya fi tsawo a fili take nema. Itace guda a tsakiyar gona, inda manomi da makiyayi da shanunsa ke rugawa su fake, yana cikin wurare mafi hatsari. Akwai lissafi mai sauƙi: ƙara tana cin kusan kilomita 1 cikin daƙiƙa 3. Idan ka ga walƙiya, ka ƙirga, tsawa ta iso kafin ka kai 30, to tana kusa. Shiga ginannen ɗaki ko mota mai rufin ƙarfe, kuma kada ka fito sai an yi minti 30 da jin tsawar ƙarshe. Yaran da ke ƙwallo a fili, a kira su tun daga rugugin farko.

Manomi kuma ya yi hattara da ruwan farko. Jos da kudancin Kaduna sukan samu ruwa tun Afrilu, amma Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram galibi sai wajen Yuni ko bayansa damina ke kankama. Masana noma a Sahel suna ɗaukar ta fara ne idan an samu ruwa kamar milimita 20 cikin kwana 3, kuma ba a yi fiye da mako guda ba ruwa a watan da ya biyo baya. Yayyafin Afrilu a arewa mai nisa bai cika wannan sharaɗi ba, ga iri da taki sun yi tsadar da ba a shuka sau biyu da daɗin rai.

Gidajen rediyonmu su riƙa karanta sanarwar da Hausar da mutumin karkara zai gane, su ambaci garuruwa da lokaci. Kai kuma mai karatu, idan ka ji an ce akwai yiwuwar tsawa da yamma, ka gaya wa na gona da na kiwo tun kafin su fita da safe.