Jar Dara Idan Ta Tsufa: Yadda Ake Mayar Mata da Siffarta a Gida

Duk wanda ya halarci sallar Idi a Mabai, ko ya ga fitar hakimai da dagatai a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, ya san cewa jar dara, duk da yawaitar hulunan saƙa irin su zanna da damanga da kube, ba ta rasa martabarta ba, domin a kanta ake naɗa rawani, kuma ita ce dattawa da yawa suka gada daga iyayensu suna adana ta. Sai dai ajiyar nan ita ce mafarin matsala, saboda galibi a ƙasan adaka take kwana daga Sallah zuwa Sallah, manyan riguna sun danne ta, har ranar da za a ciro ta a tarar ta lotsa, bakinta ya yi maiƙon gumi, ƙurar hunturu ta dusashe launinta. Daga nan sai maigida ya miƙa wa yaro ya ce a wanke, yaro kuwa ya zuba ruwan zafi da garin sabulu ya cuɗa da iyakar ƙarfinsa, kamar yadda ya ga ana yi wa tufafin auduga, hular ta fito ta tsuke ta kasa shiga kan mai ita.

Dalilin wannan hasara yana cikin asalin abin da aka yi darar da shi, wato gashin tumakin ƙasashen sanyi mai laushi da lanƙwasa, wanda tumakinmu na nan, 'yan ƙasa da uda da balami, ba su da irinsa, shi ya sa tun fil azal dara baƙuwa ce da fatake ke kawowa. A birnin Tunis akwai kasuwa ta musamman ta masu wannan sana'a, wadda ta bunƙasa a hannun Musulmin Andalus da aka kora daga Sifaniya tun daga 1609. Can mata ke saƙa wata babbar jaka sako-sako, a kai ta a yi ta bugu cikin ruwa da sabulu har ta tsuke ta koma ɗan ƙaramin abu mai kauri wanda ba a ganin zare a jikinsa, sannan a taje ta da ƙayar wani tsiro, a rina, a ɗora bisa abin da zai ba ta siffa ta bushe. A da, ta hanyar Gadamas da Gat ayari ke ratso Sahara da ita, kuma Heinrich Barth, Bajamushen da ya shiga Katsina da Kano a 1851, ya tarar da jajayen huluna cikin hajar Larabawa. Bayan Sarkin Musulmin Turkiyya Mahmud na Biyu ya wajabta ta ga ma'aikatan daularsa a 1829, sai masana'antun Turai, musamman na garin Strakonice a ƙasar Cek ta yanzu, suka ƙara himma wajen yin ta. Da shugaban Turkiyya Mustafa Kamal ya haramta ta a ƙasarsa a 1925, kasuwar Afirka ta Yamma tana cikin waɗanda suka ci gaba da riƙe su.

Idan aka duba silin gashin tunkiya ɗaya da madubin likita, za a ga jikinsa lulluɓe da ƙananan ɓawo da ke hawa kan juna, dukansu suna fuskantar gefe guda. In zafi da laima da cuɗa suka haɗu, ɓawon nan yakan buɗe, kowane sili ya zame gaba ya kasa komawa baya, su sarƙe da juna kamar yadda ƙarangiya ke kama gefen zane. Da wannan hikima aka yi darar tun farko, kuma ita ce yaron nan ya maimaita cikin rashin sani, alhali abin da ya sarƙe ta wannan hanya ba ya warwaruwa. Lotsawa kuwa hukuncinta daban ne, domin sinadarin da gashi ya ginu a kansa, wanda masana ke kira keratin, yana da wasu raunanan ɗauri waɗanda laima mai ɗumi ke kwancewa, su sake ƙulluwa idan gashin ya bushe, a kan kowace siffa aka bar shi. Saboda haka darar da ta lanƙwashe tana da magani, wadda aka cuɗe ta tsuke kuwa sai dai a ɗan faɗaɗa bakinta kaɗan, ko a ba wa yaro.

Aikin yana farawa da hula a bushe. A sami buroshi mai laushi a kakkaɓe ƙura, ana bin gefe guda, domin ƙurar da aka bari tana zama taɓo da zarar tururi ya taɓa ta. Maiƙon da ke bakin hula kuwa, a nan mutanen wannan yanki suna da sa'a, tunda Allah ya hore wa ƙasar Ƙanƙara farar ƙasa: a daka ta lukwi, a barbaɗa ta ciki inda maiƙon yake, a bar ta ta kwana ta tsotse, da safe a kakkaɓe, garin sitaci ma yana yi. A kiyaye waje, don farin gari yana wuyar fita daga jan gashi. In akwai tabon da ya ƙi, a jiƙa farin ƙyalle da ruwan sanyi da ɗan sabulu mara kaifi, a riƙa dannawa ana ɗagawa, ba gogawa ba. Ruwan bilic haramiyarta ne, yana narkar da gashi gaba ɗaya. Wanda kuma najasa ta taɓa hularsa, tunda a mazhabarmu ta Malikiyya ruwa tsarkakakke ne ke gusar da hukuncinta, sai ya kwarara ruwan sanyi a kan gurbin kaɗai har ta gushe, ya danne da tawul, ba tare da matsewa ba.

Sannan a nemi abin da za a ɗora ta. Masu sana'ar wankin hula suna da itatuwa da aka sassaƙa bisa girman kai daban-daban, amma a gida kwano ko gwangwani mai shimfiɗaɗɗen gindi ya wadatar: a auna kewayen kan mai hular da zare, a naɗe kwanon da farin tsumma har kaurinsa ya yi daidai da zaren. A ɗora butar shayi a wuta, idan ta tafasa tururi ya fara fita ta hancinta, a riƙe darar kimanin taƙi ɗaya daga gare shi, ana juya ta, ciki da waje, har ta yi laushi a hannu ba tare da ta jiƙe sharkaf ba. A kula da yatsu, ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi ciwo. Tun tana da ɗumi a kifa ta kan kwanon, a riƙa shafa ta da tafin hannu daga sama zuwa ƙasa, a danne samanta ya kwanta. Inda karin ya ƙi miƙewa a sake tururin wurin, sau biyu ko uku ba laifi. In sai an yi guga, a shimfiɗa ƙyalle mai laima tsakani, a ɗora a ɗaga, domin dutsen guga kai tsaye yana ƙona gashi ya bar sheƙi mara kyau. Tuntu, in tana da shi, tururi kaɗan da tajewa da yatsu sun ishe shi.

A ganina mafi yawan masu gwadawa a wajen haƙuri suke faɗuwa. Gashin tunkiya yana iya riƙe ruwa kusan sulusin nauyinsa alhali hannu yana jin sa a bushe, don haka wanda ya cire hular bayan sa'a guda ya sa a ka, zai ga ta koma yadda take. A bar ta bisa kwanon yini da kwana, a inuwa mai iska, nesa da rana da murhu. Da damina ma a ƙara. Kada kuma a bi ta da sitaci da bugu irin na hular saƙa, wadda zarenta ke bukatar abin da zai tsayar da shi.

Saura abokan gabar ajiya guda biyu, fumfunar damina da asu, wanda tsutsarsa ke cin gashi, ta fi kuma son wurin da gumi ya taɓa, shi ya sa ba a ajiye dara da dauɗarta. Ramin da asu ya ci ba ya cikowa. A cusa takarda mai tsabta cikinta don ta riƙe tsayuwarta, a sa ta a kwali ita kaɗai a saman kaya, tare da kafur ko busasshen ganyen bedi, a guji leda saboda tana tara laima, a kuma riƙa fito da ita tana shan iska a tsakiyar damina, wajen watan Agusta.