Gudu Ko Ƙwallo: Gardamar Masu Horon 'Yan Tamaula A Minna

Mazauna Ikko masu sha'awar tamaula ba su manta da wasan ƙarshe na cin kofin ƙasa da aka yi a filin Agege cikin 2017 ba. Niger Tornadoes ta Minna ta riƙe Akwa United har aka tashi babu ci, sai a bugun daga kai sai mai tsaron gida kofi ya kuɓuce mata. Ita ce kuwa ta ci kofin a 2000, da ta ba Rangers ta Inugu ɗaya ba ko ɗaya.

To, yaya ake shirya yaron da zai jure minti 90 irin waɗannan? A nan ne masu horo a filayen Bosso, Tunga da Chanchaga suka rabu gida biyu.

Na farko su ne masu bin tsohuwar hanya. Su kan fara da zagaya fili, sa'an nan tsalle-tsalle da gudun tsere, ƙwallo kuwa sai can ƙarshe, a raba yara biyu su buga. Hujjarsu ita ce mai haki ba ya iya kome. Suna da madogara, domin kafin Barazil ta ci kofin duniya a 1970, an auna 'yan wasanta da gwajin Likita Kenneth Cooper, watau iyakar nisan da mutum zai gudu cikin minti 12.

Na biyu kuwa sun ce tun daga ɗumama jiki a ba yaro ƙwallo. A yanka fili ƙanana, a yi huɗu da huɗu, yadda ake koya wa yara a Holan. Cikin ƙaramin fili ba mai laɓewa: yaro zai yi gudu, ya karɓi ƙwallo, ya yi dabara, duk a lokaci guda. Har wa yau, a kan wannan ra'ayi Malam Vitor Frade na Jami'ar Porto ya gina koyarwarsa, Jose Mourinho kuma ya yi suna da ita.

A Minna, rana ce alƙali. Cikin watan Maris zafi ba ya barin a yi horo sai da sassafe ko bayan La'asar. Wanda ya cinye rabin wannan ɗan lokaci yana zagaye, ya tashi da huhu amma ba ƙafa.

Sai dai hanya ta biyu tana da tsada. Mai horon da ke da yara 30 da ƙwallo ɗaya tak, dole ya sa su gudu, don in babu rami ba a maganar rami. Saboda haka ɗan Minna da ke neman kuɗi a Ikko ko Badun, in yana son ya taimaki kulob ɗin unguwarsu, ya aika da ƙwallaye tukuna. Riguna sa biyo baya.