Tsadar Neman Haƙƙi: Wa Ke Biyan Kuɗin Jinkirin Shari'a?

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma ba kowane mai bin bashi ke iya taka Titin Kotu da ke Gyaɗi-Gyaɗi don neman haƙƙinsa ba, domin ita ma shari'a tana da farashi.

Mu ɗauki misalin mai kanti a Unguwar Gano da ke bin wani naira dubu 50. In ya shigar da ƙara, akwai kuɗin rajista, kuɗin mota, wataƙila da na lauya, ga kuma rufe kanti duk ranar zama. Da an ɗage shari'ar sau biyar, abin da ya kashe ya kusa cinye abin da yake nema. Sai ya bar wa Allah. Wanda ya ci bashin kuwa ya san da wannan lissafi tun ranar da ya karɓi kaya.

A 1968 masanin tattalin arziki Gary Becker na Amurka ya nuna cewa mai niyyar saɓa doka yakan auna riba da yiwuwar hukunci ya hau kansa. In yiwuwar ta yi ƙaranci, tsananin dokar da ke rubuce ba ya razana shi. A ganina, babban wanda ke cutuwa a nan shi ne talaka mai gaskiya. Ɗan kasuwar da aka cuta sau biyu yakan daina bai wa kowa kaya bashi sai ɗan'uwa ko wanda aka tsaya masa, kuma mai ƙaramin jari da ba shi da kowa ya rasa madafa.

Shi ya sa nake ganin muhimmancin kotun ƙananan basussuka da Jihar Kano ta buɗe a 2019, bayan ta Legas a 2018. An tsara ta don bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba a lokacin, mutum na iya tsaya wa kansa ba tare da lauya ba, kuma a yanke hukunci cikin kwana 60.

Sai dai mutum nawa a Kasuwar Tarauni suka san da ita? Ina kira ga ma'aikatar shari'a da ta yayata ta a rediyo da Hausa, ta kuma riƙa bayyana wa jama'a adadin hukunce-hukuncen da aka aiwatar har kuɗi ya shiga hannun mai shi. Ranar da macuci ya tabbatar za a iya karɓe abin da ya ci cikin wata biyu, lissafinsa zai canza, amana kuma ta dawo kasuwa.