Daga Sirdi Zuwa Kumbo: Yadda Kaboyi Ya Sauya Riga

A shekarar 1959 manyan gidajen talabijin na Amurka suna nuna shirye-shiryen kaboyi kusan talatin a mako. Shekara goma sha shida bayan haka, lokacin da aka rufe Gunsmoke a 1975 bayan ya shafe shekara ashirin ana yi, da ƙyar za ka ji kukan doki a akwatin talabijin. Masu kallon ba mutuwa suka yi ba, sha'awarsu ce ta koma wani wajen. Ni ma ina cikin waɗanda suka yi wannan ƙaura, ko da yake a makare: na tashi ina jin dattawa suna labarin Django da John Wayne, na girma ina bin labaran kumbo da mutum-mutumi, yanzu kuma na tsinci kaina ina waiwayen doki.

Ba mu yi nisa da lamarin ba. Tun da aka buɗe silimar Rex a Kano a 1937, finafinan kaboyi suna cikin abin da ake haskawa, kafin na Indiya su zo su yi kane-kane. A Nijar abin ya kai har Moustapha Alassane ya shirya fim a kansa a 1966: wani saurayi ya dawo daga ƙasar waje da akwati cike da huluna masu faɗi da bindigogi, ya rarraba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Wato tun a lokacin akwai mai lura da cewa kaboyi riga ce, kowa na iya sa ta.

To me ya kashe kasuwarsa a Amurka? Dalilin da aka fi ambata shi ne sararin samaniya. Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik a watan Oktoban 1957, Amurka ta sauke mutum a duniyar wata a Yulin 1969. Yaron da ya ga wannan da idonsa, me zai ba shi mamaki a keken doki? Gaskiya ne, amma a ganina wannan bai kai dalilin kuɗi ƙarfi ba. Masu talla sun gano cewa masu kallon kaboyi yawancinsu manya ne kuma mazauna karkara, alhali su matasan birni suke nema, masu sayen mota da kayan ƙawa. Shirin da tsofaffi miliyoyi ke kallo sai ya zama kaya a wuyan gidan talabijin. Ga kuma ƙorafin yawan harbe-harbe da ya taso bayan kisan Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968.

Akwai wani dalilin da ya fi zurfi. Labarin kaboyi a kan ƙarya guda aka gina shi: cewa ƙasar yamma fili ce fetal, ba mai ita, kuma 'yan asalin wurin, waɗanda muke kira Indiyawan daji, maharan banza ne. Yaƙin Biyetnam ya sa Amurkawa da dama suka fara tambayar wane ne maharin, wane ne mai gida. Finafinan 1970 irin su Little Big Man da Soldier Blue suka nuna sojan doki yana karkashe mata da yara. A 1973 Marlon Brando ya ƙi karɓar kyautar Oscar saboda yadda Hollywood ke wulakanta mutanen. Da zarar mai kallo ya daina tafi idan aka harbo Ba'indiyen daji daga kan doki, rabin armashin tsohon fim ɗin ya tafi.

Sai dai kada a ɗauka almarar kimiyya ta gaji kujerar nan take. Star Trek ya fara a 1966, aka soke shi a 1969 bayan kashi 79 kacal, don bai tara masu kallo ba. Shirye-shiryen 'yan sanda ne suka fara cike gurbin. Sai da aka yi ta maimaita Star Trek a ƙananan tashoshi, sannan Star Wars ya fito a 1977, kafin masu kuɗi su yarda akwai riba a sama.

A nan ne abin ya fi ba ni sha'awa. Gene Roddenberry, wanda ya ƙirƙiro Star Trek, tsohon marubucin shirin kaboyi ne, kuma da ya je tallar shirinsa sai ya kwatanta shi da Wagon Train, labarin ayarin da ke ratsa daji, illa dai wannan ayarin tsakanin taurari yake tafiya. Lorne Greene, dattijon da ya yi shekara goma sha huɗu yana uban gida a Bonanza, shi ne aka ɗauko a 1978 ya zama kwamandan jirgi a Battlestar Galactica. Furfurar nan ce, muryar nan ce, hular kawai aka cire. Dubi kuma farkon The Mandalorian na 2019. Ƙofar mashaya ta buɗe, iska mai sanyi ta shigo, baƙo ya tsaya a bakin ƙofa fuskarsa a rufe, bindiga a ƙugu. Hira ta ɗauke. Wani ɗan tauri ya taso neman rigima, kafin ka ƙifta ido yana ƙasa. Duk wanda ya taɓa ganin Clint Eastwood a fim ɗin Sergio Leone na 1964 ya san wannan mashayar. Shi ma Leone ɗin daga Yojimbo na Kurosawa ya kwaso labarinsa, ya ɗauki fim ɗin a Sifen. Ashe aron riga tsohuwar sana'a ce a gidan.

An ci riba a sauyin. Masana tarihi suna ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na makiyayan da ake kira kaboyi baƙaƙen fata ne, amma tsofaffin finafinan sun share su kamar ba a yi su ba. Star Trek kuwa ya zaunar da baƙar mace, Nichelle Nichols, a ɗakin sarrafa jirgi tun 1966. Almarar kimiyya ta kuma ba marubuci mafaka: ya yi maganar wariyar launin fata ko yaƙi, ya ce ai a wata duniyar ce.

Hasarar ita ce ƙasa. Fim ɗin Shane na 1953 rikicin manoma da masu shanu ne a kan fili da ruwa, kuma ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayanin wannan ba. Mutum ya kafa shinge, wani ya ce burtalinsa ne, hukuma tana nesa, kowa ya nemi bindiga. Rigimar taurari ba ta da wannan nauyin. Idan aka tarwatsa duniya sukutum a Star Wars ba na jin komai, amma idan aka harbe manomi guda a cikin taɓo a Shane, sai na ji abin har cikin ƙashina.

Ina jin wannan ne ya dawo da dokin. Almarar kimiyya ta daina yi mana albishir. Shirin Black Mirror, tun daga 2011, wayar da ke hannunka yake nuna maka a matsayin dodo. Westworld na 2016 ya haɗa biyun wuri ɗaya: garin kaboyi na bogi, cike da mutum-mutumi da masu kuɗi ke biya su harbe don nishaɗi, har ranar da mutum-mutumin suka waiwayo. Wanda ya wuni yana fama da na'ura a wurin aiki, da dare ba lallai ya so a sake tsorata shi da ita ba. Sai ga Yellowstone a 2018, Kevin Costner da garken shanu da rigimar gado, ya tara irin masu kallon da masu talla suka yi wa kallon hadarin kaji shekara hamsin da suka wuce.

Idan ka je wajen mai tura finafinai ka ce ya sa maka The Mandalorian, roƙe shi ya haɗa maka da Shane. Fara da tsohon.