Jagoran baƙi a tsibiran Galapagos

A tsibiran Galapagos na ƙasar Ikwado, yawan kuɗinka ba ya ba ka damar yin yawo yadda ka ga dama. Aman wutar duwatsu ne ya fito da tsibiran daga ƙarƙashin tekun Fasifik, kusan kilomita 1,000 daga gaɓar Kudancin Amurka, kuma tun 1959 gwamnati ta killace kashi 97 cikin ɗari na ƙasarsu ta mai da shi gandun daji. Mafi yawan wuraren da aka killace ba a shigarsu sai da jagora mai lasisin hukumar gandun, shi kuma ba ya jan mutum fiye da 16 a lokaci guda.

Da sassafe jagora kan kwashi baƙinsa daga jirgin ruwa a ƙaramin kwalekwale mai inji da suke kira panga. Wani wurin a dira kan dutse, wani wurin sai an naɗe wando an taka ruwa. A Punta Espinoza, bakin tsibirin Fernandina, ƙasar baƙi ƙirin ce, sandararren narkakken dutse, ga ƙadangarun teku jibge a kai suna shan hantsi, launinsu ya saje da na dutsen. Baƙo yana iya taka ɗaya bai sani ba. Nan jagora zai tsai da tawaga ya bayyana yadda ƙadangarun ke nutsewa su ci gansakuka, sannan su fyato gishiri ta hanci. Dole jagora ya san tsuntsu da kifi da tarihin dutse, ya iya Sifaniyanci da Turanci, ya kuma jure maimaita labarin zuwan Charles Darwin a 1835 ga kowace sabuwar tawaga.

Wannan duk mai sauƙi ne. Wuyar aikin tana wurin hani. Dabbobin nan ba sa gudun mutum, shi ya sa doka ta ce a bar tazarar mita 2 tsakani. Ba a taɓa su, ba a ba su abinci, ba a haska musu fitilar kyamara, ba a ɗaukar ko tsakuwa a saka aljihu. Takalmi ma sai an wanke kafin a tsallaka wani tsibirin, don kada iri ya bi shi. Mutanen wurin sun ga abin da baƙon abu ke yi: awakin da aka shigo da su sun cinye ciyawar manyan kunkuru, sai da aka kashe fiye da 100,000 a wani shiri da aka kammala a 2006.

To, mutumin da jagora zai daka wa tsawa ya ja baya, shi ne kuma zai miƙa masa tukuici ranar rabuwa. Wanda ya biya dala 200 kuɗin shiga kawai (haka farashin yake ga baƙon waje tun Agustan 2024) ba ya son a ce masa a'a. Jagoran da ya kau da kai don aljihunsa, a ganina, ya ci amanar lasisinsa. Wata doka ta musamman da aka kafa a 1998 ta fifita mazauna tsibiran wajen samun aiki, kuma hakan daidai ne, domin baƙo mako guda zai yi ya tafi, ɗan gari kuwa da wannan gaɓar zai ciyar da iyalinsa baɗi.