Daga Gonakin Rake Zuwa Bakin Teku: Tafiyar Kwana Bakwai Da Iyali

A ƙasarmu ta Gazara, Makarfi, Ikara da Kudan, idan aka ga mace ta ɗaure kaya ta shiga mota, to ɗayan huɗu ne: biki, ko ta'aziyya, ko asibitin Shika, ko kuwa Allah ya kira ta aikin Hajji. Tafiya don buɗe ido kawai, mun bar wa Turawa da masu hannu da shuni. Alhali muna koya wa yaranmu ƙissar Annabi Musa da ta Annabi Yunus (amincin Allah ya tabbata a gare su), suna jin ana cewa teku, teku, amma mafi yawansu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Galma ba. Alƙur'ani kuwa ya kwaɗaitar da mu a wurare da dama mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba.

Daga nan zuwa Badagry, garin da ke bakin teku a yammacin Legas, tafiyar ta haura kilomita 1,000. Direban tirela zai ce miki kwana ɗaya da wuni ne. Iyali mai mace da yara kuwa kwana bakwai suke bukata zuwa da dawowa, kuma ko a hakan sai an rage kwaɗayin ganin komai. Abin da ke lalata irin wannan tafiya shi ne a cusa wurare goma a mako guda, a dawo gida da ciwon baya da faɗa. Rage wuraren nan aikinki ne uwargida, domin ke kika san ƙarfin 'ya'yanki.

Kafin a tayar da mota

Maganar farko kuɗi ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, man fetur ya zama shi ne babban kaso a kowace doguwar tafiya. Ƙaramar motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta sha sama da lita 200 zuwa da dawowa, ban da kewaye-kewaye da cunkoson Legas. Ki ninka wannan da farashin ranar, sannan ki raba abin da aka tanada gida uku: na mai, na masauki da abinci, da na ko-ta-kwana wanda ba a taɓa shi sai mota ta lalace ko yaro ya kwanta. Idan gida biyu suka haɗu, wa da ƙani da iyalansu a mota ɗaya babba, nauyin ya ragu, kuma an sami direba na biyu. Kwasar adashe guda ta isa ta zama gudummawarki, kada ki taɓa jarin sana'arki.

Sai lokaci. A guji watannin Satumba da Oktoba, domin a 2012 da kuma 2022 ambaliya ta datse hanyar Abuja zuwa Lakwaja a wajen Koton Ƙarfe, matafiya suka yi kwanaki a kan titi. Yuni da Yuli kuwa ruwan sama ne ba ƙaƙƙautawa a Legas. Kwanakin gab da Kirsimeti hanya cike take, masaukai sun yi tsada. A ganina hutun makaranta na watan Afrilu ya fi, matuƙar bai faɗo cikin azumi ba: aikin rake ya yi sauƙi, damina ba ta sauka a nan ba, kudu kuwa ta fara kore.

Idan gidan na mata biyu ne ko fiye, a warware maganar wadda za a tafi da ita tun da wuri. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) yana yin ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Malamai sun yi saɓani a kan ko hakan wajibi ne a kowace tafiya, amma ba wanda ya yi saɓani cewa ƙuri'a tana kashe zargi. Wadda ta zauna a ba ta alƙawarin ta gaba, a kuma cika.

Game da salla, wannan tafiya ta ƙasaru ce. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda muke karantawa a Risala, nisan da ake ƙasaru mil 48 ne, wato kusan kilomita 80. Azahar da La'asar da Isha'i su koma raka'a biyu-biyu, ana farawa da zarar an wuce gidajen gari. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya shi ne zai cika, a wannan tsarin kuwa babu inda za a yi hakan. An kuma yi wa matafiyi rangwamen haɗa Azahar da La'asar. Ki lura cewa Legas ta fi mu yamma, don haka rana tana karkata a can bayan tamu da kusan minti 17. Kada ki dogara da agogon da kika saba da shi, ki saurari ladanin garin.

Hanya

Akwai tsohuwar hanyar da iyayenmu fatake suka sani, ta Birnin Gwari, Tegina, Mokwa da Jebba. Ta yi shekaru tana fama da 'yan bindiga, ban ba da shawarar a bi ta da iyali ba. A bi ta Kaduna da Abuja, ita ma da rana tsaka. Doka ɗaya ce ba a karya ta: a fita bayan gari ya waye, a sauka kafin La'asar sakaliya. Maigida ya je tasha kwana ɗaya kafin tafiya ya tambayi direbobin da suka dawo daga hanyar, labarinsu ya fi na waya sabo. Bakanike ya duba birki, tayoyi, safaya da baƙin mai. Takardun mota su cika, kowane babba ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa, a kuma ajiye lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra, 122. Kada a ɗauki wani abu mai kama da makami, ko da wuƙar farauta ce. Ba mu manta da mafarauta 16 'yan Arewa da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, Allah ya ji ƙansu.

Ranar farko a fita ta Tashar Yari, a wuce Zariya da Kaduna, a kwana Suleja. Tun daga nesa yara za su hango Dutsen Zuma, ki ciro tsohuwar takardar naira 100 ki nuna musu shi a jikinta. Suleja ba baƙon gari ba ne gare mu, Zazzagawa ne suka kafa ta bayan jihadi.

Kwana na biyu na Lakwaja ne, tafiyar ba ta da tsawo, kuma nan nake so a daɗe. Bayan an haye gadar Murtala Muhammad an shiga gari, a hau Dutsen Patti da yamma, daga samansa ake ganin inda kogin Kwara ya haɗu da Binuwai. Amma abin da ya fi wannan a wurin Bazazzagiya shi ne kaburburan sarakunanmu. Nan Turawa suke kai sarakunan da suka tuɓe. Sarkin Zazzau Kwasau a nan ya rasu. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, malami kuma mawaƙi, a nan ya ƙare rayuwarsa a 1924, haka Sarkin Kano Alu a 1926. Mutanen da ƙasa guda ke rusuna musu, ga su kwance a unguwar Kabawa, nesa da fadojinsu. Yaron da ya tsaya a wurin ya yi musu addu'a ba zai sake rikita sunayensu a jarrabawa ba. A nemi wani dattijon unguwar ya yi jagora, a kuma yi masa alheri. Da dare a ci kifi, Lakwaja garinsa ne.

Rana ta uku ita ce mai wahala: Okene, Owo, Akure, Ilesa, Ife, har Ibadan wadda iyayenmu ke kira Badun. Ƙasa ta canja ke nan, dogayen itatuwa, gonakin koko da goro da kwakwar manja. Ki sa a tsaya yara su ga bishiyar goro da idonsu, goron nan da muke rabawa a ɗaurin aure da suna. A wannan hanya ana sayar da naman daji a bakin titi, kada a kusance shi. Ba a san yankansa ba, ga shi jihar Ondo na cikin inda zazzaɓin Lassa ya fi yawa. Shi ya sa guzurinki yake da muhimmanci: dambun nama, kilishi, ƙuli-ƙuli da garin kwaki, soyayyiyar gyaɗa, dabino, yaji da ruwa mai yawa. Fura ba ta jure zafin mota, a sha ta ranar farko.

A Ibadan akwai unguwar Sabo, wadda aka keɓe wa Hausawa tun 1916. Za ki ji Hausa, ki sami tuwo da masallaci. Wanda yake da ɗan uwa a can ya sanar da shi tun mako biyu kafin zuwa, a je da mazarƙwaila da daddawa, kuma kada a wuce kwana ɗaya, domin ɗakunan birni ba irin namu ba ne. Mai hali kuma yana iya kama ɗaki a masaukin cibiyar binciken aikin gona ta IITA, wadda aka kafa a 1967. Tana da tafki da daji da gonakin gwaji, wuri ne shiru, kuma maigida manomi zai ga inda wasu irin masara da waken da yake shukawa suka samo asali. Sai dai a nemi ɗakin tun daga gida.

Teku

Daga Ibadan a fita da sassafe, a ratsa Legas kafin rana ta take, a kama hanyar Badagry. Wata za ta ce don me ba za a tsaya cikin Legas ba? Bar Beach ɗin da mutanen da ke ba da labari babu shi yanzu, an cike wurin da yashi an gina Eko Atlantic. Sauran gaɓar da ke cikin birni yawanci ana biyan kuɗin shiga, kuma a ƙarshen mako kiɗa ne da giya da shigar da ba za ki so ɗiyarki ta gani ba. Badagry ta fi natsuwa, ga inuwar kwakwa. A yi kwana biyu a nan, a tsara su su faɗo tsakiyar mako, a je bakin ruwa da hantsi lokacin da babu kowa sai masunta.

Ki ji wannan da kyau, 'yar uwa. Tekun nan ba rafi ba ne. Igiyarsa tana dukan gaɓa sannan ta ja baya da ƙarfi, tana kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafa, kuma ta sha tafiya da ƙwararrun masu iyo. Hijabi da zane idan suka jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafa. Kada kowa ya wuce inda ruwa ke taɓa idon sawu, kowane ƙaramin yaro hannunsa na cikin na babba, kuma kada a juya wa ruwan baya don ɗaukar hoto. Samarin gidan da ke taƙama da iyo a kududdufin damina su ne abin tsoro, maigida ya ja musu kunne tun a mota. In ban da wannan, a zauna a sha kallo. A bar yara su ɗanɗana gishirin ruwan, su tsinci bawon dodon koɗi, ku yi alwala da shi, domin hadisi ya tabbatar da cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne. Darasin da aka yi a allo, ga shi a tafin hannu.

Rana ta biyu a Badagry ta tarihi ce. Akwai benen da 'yan mishan suka gina a 1845, da gidajen tarihi masu sarƙoƙin bayi, da kurkukun bayi na Seriki Williams Abass. Daga nan ake shiga kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, inda ake kora bayi zuwa jirgi. Kada a shiga sai an ba kowa rigar kariya daga nutsewa, in babu a haƙura. Cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓa ta Afirka ta Yamma akwai Hausawa Musulmi da aka kai Bahia a ƙasar Brazil, inda Musulmin bayi suka yi bore a watan azumi na 1835. Ki gaya wa yara gaskiya cewa masu sayarwar ba Turawa kaɗai ba ne. Daga Badagry ɗin ne kuma Baturen nan Clapperton ya taso a ƙarshen 1825, bai isa Kano ba sai tsakiyar 1826, ya bi ta Zariya. Tafiyar da kuka yi a kwana huɗu ta ci masa fiye da wata shida.

Komawa

Kwana na shida a yi shi a karkara, a Ikogosi ta jihar Ekiti, inda ruwan ɗumi da na sanyi ke ɓuɓɓugowa su haɗu a cikin kurmi. Akwai masauki a wurin. Magangarar ruwa ta Erin-Ijesha tana kusa, amma hawa ne mai yawa, mai ciki da mai ciwon gwiwa su tsaya a matakin farko. Kwana na bakwai a Abuja ko Suleja, washegari kafin La'asar ana gida. Gwamnati ta ƙaddamar da aikin sabuwar hanya daga Sakkwato zuwa Badagry a 2024, wataƙila 'ya'yanmu su ga sauƙin da ba mu gani ba.

A jakarki kada a rasa gidan sauro, ruwan gishiri da sukari na gudawa, maganin zazzaɓi, citta don mai amai a mota, buta da darduma, da leda don jiƙaƙƙun kaya. Tsaraba kuwa a bar ta sai ranar dawowa: kwakwa da man kwakwa daga Badagry, manja da ayaba a hanyar Akure, busasshen kifi a Lakwaja. Jarkar manja a ɗaure bakinta da leda a ajiye ta a tsaye, nesa da akwatin tufafi.