Gyaran gidan teyatur na ƙasa: daga Zariya zuwa Dabaga

Abin da muke so mu duba a wannan ɗan rubutu shi ne ma'anar cewa an gyara tsohon gidan wasa an mayar ma jama'a da shi. Za mu fara da kalmomi, don a nan ne ruɗani ke farawa.

A faransanci kalmar théâtre tana nufin gini, tana kuma nufin wasan da ake yi a cikinsa. Da Hausar Nijar ta ari kalmar, sai ta ɗauki rabi ta bar rabi: "teyatur" wasa ne kawai, in ana nufin gini sai an ce "gidan teyatur". Wannan ba abin mamaki ba ne. Wasan kara na Damagaram, inda samari ke kwaikwayon sarki da fadawansa, a fili ake yin sa. Teyatur na zamanin samariya, wanda ya bunƙasa a mulkin Seyni Kunce (1974-1987), wanda kuma Janet Beik ta yi nazarinsa a littafinta na 1987, ba shi da rubutaccen matani: ƴan wasa irin su Yazi Dogo sukan shirya labarin da baki, kowa ya cika maganarsa a gaban ƴan kallo. Wurin wasa a Hausa shi ne dandali ko fage, kuma ba a gina su, taruwa ake yi a cikinsu.

Misalin da ya fi kusa da mu na gini da aka yi don wasa, da kayan ginin gargajiya, yana Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A tsakiyar shekarun 1970 wani mai zanen gini ɗan Amurka, Steven Ehrlich, ya tsara shi tare da Michael Etherton mai koyar da wasan kwaikwayo. Sun ɗauki fasalin gidan Bahaushe: katanga ta ƙasa, ɗakuna masu da'ira, da tsakar gida a buɗe, ta yadda ana iya sauya wurin ƴan wasa da na ƴan kallo gwargwadon bukatar wasan. To amma abin lura shi ne, daga ƙarshen shekarun nan malamai da ɗaliban sashen sun fita da wasanninsu zuwa Samaru da ƙauyukan kewaye, irin su Maska da Bomo, domin manoman da ake magana a kansu ba su shigowa harabar jami'a. Ginin ya yi kama da gidansu, amma ƙofarsa ta jami'a ce.

Gini na ƙasa yana da wata ka'ida da na siminti ba shi da ita: ba a gyara shi sau ɗaya a huta. Kowace damina tana cin yaɓe, indararo na toshewa, azara na ruɓewa inda ruwa ya kwanta. Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa wajen 1515 aka sake ta a 1844, ta nuna wannan a fili. Itatuwan da suka fito daga jikinta su ne matakalar magina idan lokacin yaɓe ya yi. Tun 2013 tsohon garin yana cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO, amma abin da ya riƙe hasumiyar kafin nan shi ne akwai mutanen da suka san aikin nasu ne.

A nan tsarin aikatau na Hausa yana taimaka mana. Muna da "gyara" da "gyaru", muna da "raya" da "rayu". Siffa ta biyu, wadda Parsons ya kira aji na 7, tana nuna cewa aikin ya kama abin sosai. Ɗan kwangila zai iya miƙa makulli ya ce gini ya gyaru, kuma gaskiya ya faɗa. Babu ɗan kwangilar da zai iya cewa wuri ya rayu. Faransanci na raba restauration da réhabilitation, amma dukansu a kan gini suke. A ganinmu masu fassara takardun ayyukan raya karkara suna yin ganganci idan suka sa "farfaɗowa" a wurin da ba a yi komi ba sai yaɓe da fenti.

Mu koma Dabaga, gundumar karkara da ke arewa maso gabas da Agadas, a bakin ƙoramar Telwa, inda rayuwa ta dogara da garake. Duk mai tunanin dandalin wasa na jama'a a irin wannan wuri, dole ya fara da ruwa, domin ambaliyar Satumba 2009 ta yi ɓarna a Dabaga da Agadas, ta kuma nuna abin da ƙorama ke yi ma ginin ƙasa da aka kafa a kwari. Sai lokacin wasa, wanda ban-ruwa da ranar kai kaya kasuwa za su tsara.

Sannan ga maganar harshe, wadda masu tsara gini ba su cika tambaya ba. Harshen gida a Dabaga Tamajak ne, Hausa kuma ita ce ta kasuwa da hulɗa da Agadas, garin da shi kansa ya taɓa magana da wani karin Songhai, kamar yadda Barth ya tarar a 1850. Idan ƙungiyar teyatur ta zo daga birni da wasanta cikin Hausa, maza masu zuwa kasuwa za su bi labarin ba wahala. Mata da tsofaffi da yawa sun fi jin Tamajak, alhali waƙa da kiɗan tende a hannun mata suke. Don haka yarjejeniyar miƙa wurin ya kamata ta faɗi da wane harshe za a yi sanarwa da wasa, ta kuma faɗi wa zai riƙe makulli, wa zai kira magina bayan ruwan Agusta.